Abin da Ke Cikin Firizar Delia

Ranar Laraba ce, farkon Agusta, kuma babu abin da ya bambanta ta da sauran ranakun aiki. Da ƙarfe biyar da rabi na safe Lorraine Sundberg ta ji 'yarta Delia ta sauko daga bene da takalma a hannu, wai don kada ta tashe ta, sannan ta buga ƙofar kabad ɗin kofuna kamar yadda take yi kullum. Shekarar Delia talatin da shida. Tun da aurenta ya mutu ta dawo ɗakinta na ƙuruciya, ta kuma ƙwace garejin gidan ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Kafin shida ta sha kofi a tsaye, ta leƙa gareji, ta ɗora tafin hannu a kan murfin babbar firiza kamar mai taɓa goshin jariri, ta fita.

Aikinta yanka ne, a wata ƙaramar masana'anta da ke bayan tashar jiragen ruwa. Masu ƙera jiragen sama a ƙetaren gulbi suna fitar da fukafukai daga wani baƙin ƙyalle na zaren kabon da aka jiƙa da danƙo. Abin da wuƙarsu ta bari a gefe, shi ake lodowa a motar sanyi a kawo garin, a daddatsa shi, a jera, a gasa a tanda, ya zama bencin lambu da sandunan wasa. Muddin ƙyallen yana cikin ƙanƙara, laushi gare shi kamar jemammiyar fata. In ya zauna a waje sai danƙon ya fara kamawa a hankali, in kuwa ya kama, ya kama ke nan, babu mai mayar da shi. Lorraine ta koyar da kimiyyar sinadarai a sakandaren garin har ta yi ritaya, don haka ba ta buƙatar a yi mata bayanin wannan. Duk da haka Delia ta yi mata, sau da yawa.

Da tara Lorraine ta tsinko 'ya'yan wani itacen ƙaya masu zaƙi a bayan shinge, ta wanke, ta ajiye. Da sha biyu Delia ta kira daga wurin aiki, baki cike da abinci, tana tambaya ko wutar unguwarsu ta ƙifta, don tasu ta ƙifta. Lorraine ta kara kunne a bangon kicin, wanda shi ne bayan gareji, ta ce firizar tana ta gurnaninta.

Da uku da rabi Delia ta dawo da baƙar leda a hammata. Masana'antar da ta cika bangonta da hotunan ganye da koguna tana da tata sharar: duk guntun da bai kai faɗin tafin hannu ba ana zuba shi a kwandon juji, don jera shi ɓata lokaci ne. Delia takan ce masu ceton shara ma suna da sharar da suka raina. Ta nemi izinin kwashewa, aka ba ta ana dariya. Shekara uku tana tarawa, guntu bayan guntu, ta ware su bisa tsawo, ta ɗaure a leda, ta jibge a firiza. A tsakiyar garejin kuma akwai ƙirar kwalekwale ta katako, a kife, wadda ta sassaƙa da hannunta. A kanta za a shimfiɗa guntayen, kamar ɓawon kifi, a kai tanda.

"Mama, zo ki riƙe min bakin ledar nan."

"Don in riƙe bakin leda na yi jami'a ke nan."

"To ai ga shi kin sami ƙarin girma. Matse, kada iska ta shiga."

Lorraine ta matse. Ta tambaya ko jirgin nan zai taɓa ruwa kafin a kai ta maƙabarta.

"Ke? Ke da za ki binne garin nan kaf? Saura leda biyu. Kafin lokacin da kifi ke hauro kogi bana kina zaune a gabansa kina min gyaran tuƙi."

Da biyar Delia tana goge katako da takardar yashi, rediyo na kunne. Da shida ta shigo ta ce kanta na sara, ta zauna a kan matakalar da ke tsakanin kicin da gareji, ta ce a rage wutar kifin don yana ƙonewa. Kifin ba ya ƙonewa. Lorraine ta juya don ta faɗa mata haka, sai ta ga kan Delia ya jingina da bango ta wata irin fuska da mai rai ba ya jingina. Kafin bakwai wani matashin likita ya yi mata bayanin jijiyar da ta fashe a ƙwaƙwalwa, a hankali, da ƙananan kalmomi, kamar yana magana da 'yar firamare. Ya miƙa mata wata takarda mai hoton faɗuwar rana. Ta bar masa ita a kan kujera.

A coci mutane da yawa sun yi magana, kuma da yawansu ba Delia suke nufi ba. Wadda suka kwatanta mai sanyin hali ce, mai fara'a ga kowa. Delia kuwa ta taɓa jifan tsohon mijinta da guduma, ta kuma yi baƙin cikin kuskurensa. Ba ta iya rawa ba, ba ta amsa gaisuwa kafin ta sha kofi, tana da tabon wuƙa a kowane yatsa na hagu, ƙaiƙayin baƙar ƙurar ƙyallen kuma bai taɓa barin wuyan hannunta ba. Babu wanda ya ambaci ko ɗaya.

Daga ƙarshe Grant Pellerin, daraktan masana'antar, ya hau mumbari da koren laktayi a wuya. Mutum ne da bai taɓa riƙe wuƙar yanka ba, amma ya iya riƙe makirufo. Ya sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da aka gwada a gaban madubi, sannan ya ce a masana'antarsu sun yi imani babu abin da ke ƙarewa, komai yana da rai na biyu. Maganar da ke rubuce a jikin motocinsu ce, harafi da harafi. Taku biyu ne tsakaninsa da akwatin tokar gawar Delia da aka ƙone lokacin da ya faɗa. Mata suka share hawaye. Lorraine ta dubi laktayin har ya sauka.

Daga coci aka wuce gida, kuma nan ƙanwar Lorraine, Gail, ta karɓi mulki. Gail ita ce shugabar matan coci, mace mai zuciyar alheri da ba ta taɓa tambayar kowa ko yana so ba. A garin nan ba a zuwa gaisuwar mutuwa hannu rabbana. Kowace mace takan zo da tasar gilashi lulluɓe da takardar azurfa, a ciki gasasshiyar taliya da kifin gwangwani da cuku, ko dankali da niƙaƙƙen nama, a ƙasan tasar kuma an manna sunan mai ita don a mayar mata in an cinye. Tun daga rana tsaka suke shigowa, tasa bayan tasa, kamar an ce musu runduna ce ta yi rashi ba tsohuwa ɗaya mai cin rabin burodi ba. Tebur ya cika, firjin kicin ya cika, aka fara jerawa a kan fiyano.

Lorraine ta hau bene. A tsakiyar matakala ta tsaya ta kira ƙanwarta.

"Abu ɗaya, Gail. Firizar gareji. Kada wanda ya kashe ta, kada wanda ya zare wayarta."

"Haba Yaya, wa zai kashe firiza a rana irin ta yau? Je ki kwanta, komai na hannuna."

Komai kuwa yana hannunta.

Makonnin da suka biyo baya Lorraine ba ta shiga gareji ba. Don ta shiga sai ta taka matakalar nan, ita kuwa ta daina ko duban ɓangaren. Amma kowace safiya, kafin ta ɗora ruwa, takan kara kunne a bangon kicin. Gurnanin yana nan. Ba ta yi wa kanta ƙarya cewa Delia ce ke numfashi a bayan bango ba, ba irin matar nan ba ce. Abin da ta sani kawai shi ne, aikin shekara uku yana kwance da laushinsa, yana jira, kuma shi kaɗai ne abin 'yarta da bai riga ya sandare ba. Ranar da iska ta kayar da itace a kan wayar wutar unguwa, ita da ba ta roƙon kowa ta je har ƙofar maƙwabci da silifas ta ce ya taimaka da janaretansa. Ya ja waya ta ƙofar waje, ya fito ya ce injin ya kama. Ta gode masa fiye da yadda ta gode wa duk masu tasoshi a haɗe.

Zafin Agusta bai yi tsanani ba a waje. Amma rufin garejin baƙi ne, tagarsa na duban yamma, tukunyar ruwan zafin gidan kuma a can take.

Pellerin ya zo a mako na biyu da furanni da wata yarinya mai kyamara, wadda ya bari a mota bayan ya ga fuskar Lorraine. Ya ji labarin guntayen. Shawararsa ita ce a kwashe su a yi benci, a kafa a bakin teku da allon tagulla mai sunan Delia, magajin gari ya yanke ƙyalle, jarida ta zo. Ya ce labari ne mai taɓa zuciya, ma'aikaciya tana ceton abin da kowa ya yar. Bai ce wa ya yar ɗin ba. Lorraine ta ce 'yarta ta yanka benci ya fi dubu, kuma ba ta taɓa son ko ɗaya ba. Jirgi take yi.

"Madam, jirgi ai mutum ɗaya zai ɗauka. Benci kuwa na al'umma ne."

"Al'umma ta kawo nata guntayen."

Wanda ta nema da kanta shi ne Ruben Ocampo, mai kula da tanda a masana'antar, abokin aikin Delia, wanda ya taɓa zama a aji na baya a darasinta yana barci. Ya zo da yamma da hularsa a hannu, ya ƙi zama a kujerar Delia ba tare da an gaya masa wacce ce ba. Ya ce ya san ƙirar, shi ya taya ta kifa ta. In Malama za ta miƙo guntaye shi zai jera, Asabar huɗu ko biyar su gama, gashin tanda kuma a bar masa, akwai ranar da darakta ba ya zuwa, wato yawancin ranaku. Ya tambaya kayan suna cikin sanyi dai ko. Ta ce kullum tana sauraro. Suka sa Asabar ta farko bayan hutun ma'aikata na farkon Satumba.

Ranar ta zo. Lorraine ta sa tsohuwar rigar Delia ta aiki, ta zagaya ta waje don kada ta bi matakala, ta ɗaga ƙofar gareji. Warin katako ya tare ta, da wani wari mai ɗan zaƙi da ba ta gane ba nan take. Ƙirar na nan a kife, takardar yashi a kanta inda aka ajiye. Ruben ya sa safar hannu, ya ɗaga murfin firiza, hayaƙin sanyi ya taso. Ya daɗe a sunkuye.

"Malama."

Ta matso. Tasoshi ne, cike har baki, an jera su tsaf, manya a ƙasa, ƙanana a sama, takardar azurfa ta yi fari da ƙanƙara. Wata guda ke nan tana kara kunne a bango tana gadin taliya da kifin gwangwani.

Ledojin suna kusurwa, a gindin tukunyar ruwan zafi, daidai inda rana ke faɗowa ta taga. An jera su a kan tawul mai tsabta don kada su taɓa ƙasa. Ruben ya kwance ta sama, ya zaro guntu ɗaya, ya lanƙwasa. Ya karye da ƙara kamar biskit. Ya kwance ta biyu. Guntayen sun manne da juna sun zama dunƙule ɗaya, baƙi, mai nauyin wofi. Dama sun riga sun ci yawancin kwanakinsu a teburin masu jirgin sama da na masana'anta kafin su iso hannun Delia, abin da ya rage musu kaɗan ne, kuma tukunyar ta cinye shi. Ya bi ledojin ɗaya bayan ɗaya, yana zarowa yana lanƙwasawa. Sai ƙarar karyewa.

Gail ta iso minti kaɗan bayan Lorraine ta kira ta, da gashin kanta a naɗe. Ta dubi firiza, ta dubi kusurwa, ta kasa ganin matsalar.

"Yaya, ai ban kashe ba. Kin ce kada a kashe, ban kashe ba. Abincin mutane zan bari ya lalace saboda ledojin roba? Wa ke sa roba a firiza, don Allah? Kuma ban jefar da ko ɗaya ba, dubi yadda na jera miki su."

"Na gani. Har da tawul."

Da Ruben ya karya guntu a gabanta ya yi mata bayani, sai ta fashe da kuka, kuka mai ƙarfi na wanda aka zalunta. Ta ce ita dai taimako ta yi, kwana uku ba ta runtsa ba a kan hidimar nan, babu wanda ya gaya mata, Delia ma ai da ta rubuta a jikin murfi. Ta buɗe hannuwa tana jiran a rungume ta. Abin da ake yi ke nan a gidansu tun suna yara: Gail ta fasa, Gail ta yi kuka, a lallashi Gail. Lorraine ta tsaya da hannuwanta a aljihun rigar aiki har kukan ya gaji don kansa. Gyaran gangar auzinawa ba laifi ba ne da ake kai wa kotu, kuma ta san gobe duk coci za ta ji yadda baƙin ciki ya busar wa Yaya da zuciya.

Ruben ya ce akwai wuraren da ke ƙone danƙo su fitar da zaren, amma suna da nisa, sai kaya mai nauyin tan da yawa suke karɓa, abin da ke fitowa kuma gajeren gashi ne kamar na askin wanzami, ba ya jirgi. Masana'antarsu ba ta da wannan wutar. Abin da ya sandare a wurinsu juji yake zuwa, ta ƙofar baya, inda babu hoton ganye.

Labari bai kwana ba ya kai ga Pellerin. Ya kira da murya mai taushi ya ce ya ji abin da ya faru, amma kada Madam ta damu, akwai mafita. Za su yi bencin da kayan masana'anta, a rubuta a allon cewa daga guntayen da Delia ta tara aka yi. Baƙin ƙyalle duk ɗaya ne in ya fito daga tanda. Wa zai sani?

"Ni," in ji Lorraine, ta ajiye wayar.

An yi bencin duk da haka. Yana nan a bakin teku kusa da wurin sayar da soyayyen kifi, magajin gari ya yanke ƙyalle, tsuntsayen ruwa suna yi masa abin da suke yi wa kowane benci. Abin da ta iya hanawa shi ne layin ƙaryar. Ta wancan titin ta daina bi.

Kayan Delia kuwa ga yadda aka yi da su. Tufafinta an kai shagon kayan gwanjo na garin da ke gaba, don kada Lorraine ta ci karo da rigar 'yarta a jikin wata a kanti. Wuƙaƙen yanka da almakashi ta ba Ruben, ya raba wa 'yan teburinsu. Motar Delia ta tafi ga wata sabuwar ma'aikaciya da ke zuwa aiki a keke. Ƙirar katakon babu mai so, ta yi girma, tana nan a kife.

Ledojin, Lorraine ce ta loda su a bayan mota da kanta. Kafin ta rufe, Ruben ya sa zarto ya raba mafi girmansu gida biyu, ya tarar a can tsakiya akwai 'yan guntaye da zafi bai gama da su ba, suna lanƙwasuwa da ƙyar. Ya ce ba za su kai komai ba, sai dai bakin filafili ɗaya na tuƙa kwalekwale. Ta ce ya yi. Ya kawo shi bayan mako biyu, baƙi, mai ƙyalli, ana ganin gaɓar kowane guntu, ba shi da nauyin cokali mai kyau. Ba a sa masa sanda ba. Yana kan matakalar nan ta tsakanin kicin da gareji, jingine da bango. Sauran ta kai juji, mai gadin ya tambaya mene ne, ta ce shara ce, ya nuna mata ramin da kowa ke zubawa.

Tasoshin ba ta ci ko cokali ɗaya ba. Wata safiya ta fito da su duka, ta juya kowace ta karanta sunan da ke ƙasa, ta bi gari gida gida. Al'ada ita ce a mayar da tasa a wanke, da ɗan katin godiya. Ita ta mayar da kowace yadda ta zo, da takardar azurfarta, da abincinta daskare kamar dutse, ta ce an gode, a sa a firiza kada ya lalace. Ta Gail ce ta ƙarshe, dankali da nama, ta ajiye mata a bakin ƙofa a kan tawul ɗin.

Da ta dawo ta zare wayar firizar, ta bar murfin a buɗe don kada ta yi wari.